Igama: Takardar da Ake Sabuntawa da Hannun Wani

A shekarun 1980, wanda duk ya bi ta ƙofar ofishin jawazat, wato hukumar fasfo, na Jidda da sanyin safiya zai tarar da layi ya riga rana fitowa. A bakin katanga ga marubuta zaune ƙarƙashin laima, kowa da keken rubutunsa a kan ɗan teburi, suna cike wa mutane fom suna manna kan sarki. A cikin layin kuwa akwai waɗanda Larabawa ke kira mu'aƙƙib, wato 'yan kai-da-kawon takardu, kowannensu rungume da ƙunshin 'yan littattafai ɗaure da roba, wasu koraye, wasu masu ruwan ƙasa. Koren na Musulmi ne, mai ruwan ƙasan na wanda ba Musulmi ba. Kowane littafi da hoton mutum a ciki, da sunansa, da sana'arsa, da sunan wanda ya tsaya masa, da ranar da wa'adinsa zai cika. Masu hotunan nan da wuya a ga ɗayansu a layin. Suna can kan bene suna ɗaurin rodi, ko a madafa suna wanke-wanke, ko a bayan sitiyari. Takardar tasu ce, amma sabunta ta ba a hannunsu yake ba.

Wannan ɗan littafi shi ne igama. Kalmar ba baƙuwa ba ce ga kunnen Bahaushe, don ita ce iƙamar da ladan ke tayarwa kafin a kabbarta salla. Tushenta ɗaya da tsayuwa da zama a wuri. Mutanen Hijaz suna furta harafin ƙaf kamar "g", shi ya sa alhazai da 'yan aikatau suka dawo gida da ita a matsayin igama. A bakin hukuma tana nufin izinin zama. A bakin wanda ke riƙe da ita kuwa, ita ce banki, ita ce asibiti, ita ce makarantar yara, ita ce layin waya, ita ce kuma amsar da zai ba askar idan ya tare shi a hanya.

Mutanen ƙasar Hausa sun daɗe suna zama a Hijaz tun babu wannan takarda. Mai niyyar hajji a da yakan sallami iyali sallamar da ba lallai a sake gamuwa ba, ya kama hanyar gabas ta Borno da Wadai da Darfur, yana tafe yana noma ko ɗinki ko koyar da almajirai don ya sami guzuri, har ya kai gaɓar Bahar Maliya a Sawakin ya shiga jirgin ruwa. Tafiyar kan ci shekaru. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ayarin masu hijira ya ƙara yawa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin kogin Nilu a Sudan, wasu kuma suka zarce har Makka da Madina. Daga 1925 gonakin audugar Jazira sun zama wurin da matafiya ke yada zango su tara kuɗin jirgi. Wanda ya isa ya sauke farali, in ya ga dama ya zauna. Ana kiran irin wannan zama mujawara, wato maƙwabtaka da Ɗakin Allah, kuma abin girmamawa ne. Larabawa suka yi wa duk mutanen yammacin Afirka suna ɗaya, Takruni, daga sunan tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Sanagal. Daga nan Hausa ta samo kalmar takari.

Jikokin waɗancan mutane su ne a yau ke ɗauke da sunayen Hausawi da Fallata da Barnawi a katin ɗan ƙasa. Shehu Umar Fallata ya shafe shekaru yana karantar da hadisi a Masallacin Annabi. Usama Hausawi shi ya ɗaura ƙyallen kyaftin na 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1954 ta ɗauki shekarar 1914 a matsayin ma'auni ga waɗanda suka riga suka zauna a ƙasar, kuma da yawa daga tsofaffin mazauna sun shiga ta wannan ƙofa. Waɗanda suka zo daga baya, da waɗanda ba su ga amfanin zuwa ofis a rubuta sunansu ba, sai suka tsinci kansu a wani sahu daban, sahun da za a riƙa sabunta wa izini shekara-shekara ko da a Makka aka yanke musu cibi.

Tsarin da ya ɗaure baƙo da mai tsaya masa kuwa ba a Hijaz aka fara ƙulla shi ba, a ɗaya gaɓar ne, bakin Tekun Fasha. Kalmar kafala tana da kyakkyawan asali a fiƙihu: lamuni ne, mutum ya ɗauki nauyin bashin wani ko ya yi alkawarin kawo shi gaban alƙali, kuma da ita ake kiran riƙon maraya. Abin da ake kira kafala a harkar ƙwadago wani abu ne daban. Masani ɗan Baharain, Umar Al-Shihabi, ya bi takardun Turawan Ingila da suka yi iko da yankin, ya nuna cewa a shekarun 1920 da 1930 ne jami'ansu suka shimfiɗa tsarin. A lokacin arzikin Baharain da Kuwait lu'ulu'u ne. Duk bazara dubban masu nutso kan zo daga ƙasashen maƙwabta su shiga jiragen, yawancinsu da bashin mai jirgi a wuya tun kafin su taɓa ruwa. Turawa suna son su san wanda ya shigo da wanda ya fita, ba su kuma da ma'aikatan da za su bi kowa. Sai suka ɗora nauyin a kan mai jirgi da ɗan kasuwa: kai ka kawo shi, kai za ka amsa laifinsa, kai za ka tabbatar ya koma. Dabara ce ta mai mulki da ke son sa ido ba tare da ya kashe kuɗi ba.

Kasuwar lu'ulu'u ta mutu bayan da Japan ta fara noma nata a cikin ruwa, ga kuma karayar tattalin arzikin duniya ta 1929. Amma tsarin bai mutu tare da ita ba, don man fetur ya tarbe shi. An haƙo mai a Baharain a 1932, a Damam ta Saudiyya a watan Maris na 1938, a Kuwait ma a wannan shekarar. Kamfanonin mai suka fara jigilar ma'aikata daga Indiya da Italiya da Falasɗinu da sauran wurare. A 1952, shekara guda kafin rasuwar Sarki Abdul'aziz, Saudiyya ta fitar da dokar zaman baƙi, wadda har yanzu ita ce ginshiƙin igama. Kuwait ta yi tata a 1959. Abin da dokar ta kafa bai da wuyar fahimta: baƙo ba ya zama sai da izini, izinin yana da wa'adi, kuma sai wani ɗan ƙasa ko kamfani ya tsaya masa.

Shekara 10 bayan dokar Saudiyya, a watan Nuwamba na 1962, Yarima Faisal ya ba da sanarwar haramta bauta a ƙasar. Wannan batu ya shafi yammacin Afirka kai tsaye, domin an sha samun rahoton miyagun da ke yaudarar mutane da sunan hajji su sayar da su a can. Haramcin babban mataki ne. Sai dai gidajen da suka saba da masu yi musu hidima ba su daina buƙatarsu ba, kuma cikin 'yan shekaru guraben suka cika da masu igama.

Daga 1973, lokacin da farashin mai ya ninka kusan sau huɗu, abin ya zama ambaliya. Ana gina tituna da asibitoci da filayen jirgi da sababbin birane irin su Jubail da Yanbu, ga faɗaɗa masallatan Harami, kuma hannun 'yan ƙasa bai isa ba. Aka kwaso magina daga Koriya ta Kudu, malaman makaranta daga Masar da Sudan, direbobi daga Pakistan, ma'aikatan jinya daga Filifin, masu aikin gida daga Indunusiya da Siri Lanka. Kowannensu da kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa. Ƙidayar 2022 ta nuna inda abin ya kai: cikin mutum miliyan 32.2 da ke ƙasar, miliyan 13.4 baƙi ne, wato fiye da mutum huɗu a kowane goma.

Yadda ake sabunta takardar shi ya fi komai bayyana halin tsarin. Ma'aikacin kamfani yana buƙatar abu biyu, lasisin aiki daga ma'aikatar ƙwadago da igama daga jawazat, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, kuma ba a sabunta ta biyun sai an biya ta farkon. Dole fasfo ya kasance da sauran rai, dole a biya inshorar lafiya, dole a biya duk tarar hanya da ke kan mutum. An daɗe ana lissafin wa'adin da kalandar Hijira, wadda ta gaza ta Miladiyya da kwana 11, don haka baƙon da ya saba da lissafin Janairu da Fabrairu sau da yawa ranar kan riske shi ba shiri. In an makara, tarar farko riyal 500 ce, ta biyu 1,000, a ta uku kuma sai kora. Dokar ƙwadago ta faɗi ƙarara cewa duk kuɗin nan, har da tarar jinkiri, mai aiki ne zai biya, ba ma'aikaci ba. Shi kaɗai ne kuma ke da ikon shigar da buƙatar.

Nan ne gizo ke saƙa. Idan kamfani ya karye, ko maigida ya yi sakaci, ko ya ga dama ya yi amfani da takardar don ya murɗe hannun wanda ke binsa albashi, ba shi ne za a tare a shingen bincike ba. Ma'aikacin ne zai je na'urar cirar kuɗi ta ƙi ba shi ko riyal ɗaya don banki ya rufe asusunsa saboda igama ta mutu. Shi ne zai kai yaro asibiti a ce katinsa ba ya aiki. Shi ne mahaifiyarsa za ta rasu a gida ya kasa tafiya, don ba a ba da bizar fita da dawowa a kan matacciyar igama. Laifin wani, hukuncin wani, kuma babu wata fassarar lamuni a littattafan malamai da ta yarda da haka; a can mai lamunin ne ke biya.

Daga wannan tsaga wasu sana'o'i suka tsiro. Akwai abin da ake kira biza hurra, wadda babu ita a doka: ɗan ƙasa ya buɗe kamfani a takarda kawai, ya karɓi guraben biza ya sayar, baƙo ya zo ya nemi aikinsa a kasuwa, duk wata ya kai wa kafili wani abu, duk shekara kuma ya haɗa kuɗin sabuntawa da nasa gumin, har da ƙarin na goro. Akwai kuma makamin da ya fi kowanne kaifi, hurub, wato rahoton gudu. A da, da zarar kafili ya shigar da shi, ma'aikaci kan zama wanda ake nema, ko da yunwa ce ko duka suka fitar da shi daga gidan. A shekarar 2000 majalisar ministoci ta hana masu aiki riƙe fasfon ma'aikata, ta kuma cire kalmar kafili daga takardun hukuma. Kalmar ta fita daga takarda, amma ba ta fita daga baki ba, kuma fasfo da yawa sun ci gaba da kwana a durowar maigida.

Hausawa sun shiga wannan duniya ta ƙofofi biyu. Kaɗan sun shiga ta gaba, da kwantiragi: likitoci, malaman jami'a, injiniyoyi, 'yan ƙwallo, daga baya kuma mata masu aikin gida ta hannun ejan. Mafi yawa kuwa ta ƙofar umara da hajji suka bi, suka ƙi dawowa bayan bizarsu ta ƙare, suka ɓace cikin unguwannin da kakanninsu suka zauna, irin su Misfala da Shari'a Mansur a Makka, da Karantina a Jidda. Ga su nan suna sayar da tsire da fura, suna wankin mota, suna tura keken tsofaffi a wajen ɗawafi, mata suna shagala, wato aikatau, a gidaje. Waɗannan ba su da igamar da za a sabunta. A tsakaninsu, a ce wane ya sami igama magana ce mai nauyi, irin ta wanda ya kai gaci. Da haka kalmar takari, wadda a da ke nufin wanda ya taka ƙasa shekaru don ya ga Ka'aba, ta koma nufin wanda ke sauya hanya in ya hango motar askar.

Cewa takardar na iya zama sandar siyasa, mutanen Yaman sun ɗanɗana. Shekaru da dama suna da gata na musamman: suna shiga, suna aiki, suna buɗe kanti, ba tare da kafili ba. Da Iraƙi ta mamaye Kuwait a 1990 gwamnatin Yaman ta ƙi bin sahun masu yaƙar Saddam, sai a watan Satumba Saudiyya ta janye gatan, ta ce kowa ya nemi kafili ko ya fita. Cikin 'yan watanni mutum wajen 800,000 suka tsallaka iyaka, wasu da katifu da firji ɗaure a kan mota, wasu sun sayar da kantunan shekara 20 a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

A 2011 aka zo da tsarin Niɗaƙat, wanda ya raba kamfanoni launi-launi gwargwadon yawan 'yan ƙasa da suka ɗauka. Kamfanin da ya faɗa ja ba shi da ikon sabunta lasisin baƙinsa. Manufar a fili take, kuma babu mai zargin ƙasa don ta nema wa matasanta aiki. Amma ga birkila ɗan Bangaladash, ma'anarta ita ce takardarsa na iya mutuwa saboda wani lissafi da aka yi a ofishin da bai taɓa shiga ba. Sai kuma 2013, da aka ba da wa'adin gyara takardu daga Afrilu zuwa farkon Nuwamba. Layuka suka cika ofisoshin jakadanci da na jawazat, mutane suna kwana a titi cikin zafin bazara. Miliyoyi sun gyara, kusan miliyan guda sun fita. Da wa'adin ya cika aka fara kame gida-gida, har aka yi arangama da asarar rayuka a unguwar Manfuha ta Riyad, aka kuma mayar da 'yan Habasha fiye da 160,000 gida cikin 'yan watanni. A 2017 aka sake yin wani zagayen afuwa da kame.

Wannan shekarar ce kuma kuɗi ya sauya fuskar igama. Daga Yulin 2017 aka sa wa kowane baƙo harajin riyal 100 a wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, mata ko ɗa ko uwa, kuma harajin ya riƙa hawa duk shekara har ya kai 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai nemo riyal 24,000 a shekara kafin a taɓa takardarsa. Harajin da kamfani ke biya a kan kowane baƙo shi ma ya kai riyal 800 a wata a inda baƙi suka fi 'yan ƙasa yawa, wato 9,600 a shekara. Iyalai da yawa da suka shafe shekara 30 a Jidda ko Riyad suka tattara mata da yara suka tura gida, maigida ya koma ɗakin gwauraye. A 2019 kuma aka buɗe wata igama ta masu hannu da shuni wadda ba ta buƙatar kafili: riyal 100,000 a shekara, ko 800,000 ta dindindin.

Layin ƙofar jawazat ya watse yanzu. Ɗan littafin ya zama kati, katin kuma tun 2015 ba a buga ranar cikar wa'adi a jikinsa, tana cikin kwamfuta. Da manhajojin Absher da Muqeem da Qiwa ake komai, kuma tun 2021 ana iya biyan kuɗin sabuntawa wata uku-uku maimakon shekara guda dunƙule. Marubutan ƙarƙashin laima sun naɗe kayansu, mu'aƙƙib da yawa sun koma aiki daga waya. Sauyi mafi girma ya zo ranar 14 ga Maris 2021, lokacin da aka ba ma'aikacin kamfani damar sauya wurin aiki bayan shekara guda ba tare da yardar maigida ba, da damar neman bizar fita da kansa. An kuma ba shi damar tashi tun kafin shekara in an hana shi albashin wata uku a jere, ko in an bar takardarsa ta mutu. Wannan gyara ne na gaske, kuma mutane da yawa sun amfana. Baharain ta fara irinsa tun 2009, Ƙatar ta yi nata a 2020 ana shirin gasar kofin duniya.

Sai dai gyaran na 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba, da direbobin gida, da masu lambu, da makiyaya, wato miliyoyin da suka fi kowa kaɗaici, waɗanda wurin aikinsu shi ne wurin kwanansu. A cikinsu ne mafi yawan matan da ke tashi daga Kano da Yamai da kwantiragi suke. Kuma ko ga wanda gyaran ya shafa, maɓallin sabuntawa yana nan a shafin mai aiki. Abin da ma'aikaci ke iya yi shi ne ya buɗe wayarsa ya ga kwanakin da suka rage.

Akwai kuma waɗanda duk wannan tarihi ya taru a kansu, 'ya'yan da aka haifa a can. Haihuwa a ƙasar ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa. Yaro na tashi a kan igamar mahaifinsa, in ya girma ya nemi nasa kafilin, in kuwa uban ba shi da takarda, shi ma haka zai tashi. Tsakanin Makka da Jidda akwai babbar cibiyar tsare baƙi ta Shumaisi, wadda 'yan takari ke kira tarhil. Daga nan ake ɗaukar hoton yatsun mutum, a rubuta shekarun da aka hana shi dawowa, a kai shi filin jirgi. A cikin waɗanda jiragen ke saukewa a filin Malam Aminu Kano akwai samari da 'yan mata da Larabci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa, waɗanda suka san kowane lungu na Misfala amma ba su taɓa ganin damina ba. Sukan fito da leda ɗaya a hannu da sunan wani ƙauye da suka ji kaka tana ambata, su tsaya a bakin titi suna tambayar direbobi ta wace tasha ake zuwa can.